Rumbu na Biyu da Lawal Ya Gina Mini

Shekara bakwai ke nan da aka kawo mini ɗana Lawal daga hanyar Kano a lulluɓe. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Kwanakin nan zama ya gagare ni, ina ta kai da kawo tsakanin ɗakina da bayan gida, domin ƙanensa Haruna ya ce zai rushe rumbu na biyu ya yi wa iyalinsa ɗaki.

Lawal aikin na'ura yake yi, irin manyan kwamfutocin nan na manyan ma'aikatu, waɗanda ya ce kowacce ta fi tsayin mutum. Idan ya zo garinmu Ƙofa hutu nakan tambaye shi me yake yi musu. Ya ce sabuwar na'ura ba ta san komai ba. Kafin a zuba mata tsarin da zai tafiyar da ita, sai ya ba ta adireshin da 'yan'uwanta za su same ta, ya nuna mata ma'ajiyarta, ya raba ma'ajiyar kashi-kashi. Kuma bai taɓa ba ta hanya ɗaya zuwa ajiyarta ba, sai biyu. Wata rana an tsinke waya guda garin gyara, na'urar ta bi ɗayar, masu aiki da ita ba su ko sani ba.

Da wannan halin ya dawo gida. Ya ga irin gerona da na wake duk a rumbu ɗaya, ya ƙi cin tuwo sai da na yarda ya gina wani can nesa, gindin tsamiya. Na ce masa ni ba injinsa ba ce. Ya yi dariya ya ce, "Inna, abin da ba ki son rasawa, kada ki ba shi gida ɗaya."

Bayan rasuwarsa gara ta cinye rumbun farko. Da irin gindin tsamiya muka yi shuka.

Yanzu an ce ajiyar mutane duk a wayar hannu take. Ko me Lawal zai ce? Na san dai tambayar da zai fara yi: ina ta biyun take?

Haruna bai yi laifi ba. Yaransa sun yi yawa, rumbun kuma ya tsage. Jiya na kira shi na ce ya rushe, amma sai ya fara kai rabin irin zuwa garin Dudunni, gidan ɗiyata Hajara. Ya ce, "To, Inna. Haka Yaya zai ce."

Da safen nan aka ɗaura buhun irin a babur. Na tsaya har ƙurarsa ta kwanta. Lawal ya yi wa na'ura hanya biyu, ya yi wa irina gida biyu. Shi ne dai Allah ya ba ni guda ɗaya. Allah ya jiƙansa.