Tamil ɗin da Ba a Yi da Shi a Kasuwa

Ba son ilmi ne ya kai ni ga koyon harshen Tamil ba, zargi ne. A shekarar da korona ta rufe gari ina gadi a ƙofar wani babban sito na kayan gini a Mu'aither, a ƙasar Katar. Aka damƙa mini 'yar na'urar nan ta auna zafin jiki, aka ce duk mai shiga sai na saita masa ita a goshi. Yawancin ma'aikatan siton Tamilawa ne, wasu daga kudancin Indiya, wasu daga Sirilanka. Kullum da safe in suka yi layi a gabana, sai in ji ɗaya ya dubi ɗan'uwansa ta saman takunkumi ya ce, "Pawam." Ɗayan ya kaɗa kai. Sati biyu ina jin wannan kalma, har na yanke wa kaina hukunci cewa zagina suke yi.

Na kai ƙara wurin mai kula da siton, wani dattijo siriri mai furfura da tabarau, wanda kowa ke ce wa Ayya. Da farko na ɗauka jaje suke yi masa, tunda haka muka san "ayya" a wurinmu. Ashe a yarensu kalmar girmamawa ce, kamar mu ce Malam. Musulmi ne, sahu ɗaya muke tsayawa kafin a rufe masallatai. Da Turancina da nasa, da ɗan Larabcin wurin aiki, na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya ce ba zagi ba ne. "Pawam" kamar "Allah sarki" ce. Tausayina suke ji, ganin yadda nake tsaye a rana cikin kaki mai kauri.

Da a nan na yi godiya na koma bakin aikina, da na huta. Amma bakina ya ja mini. Na ce masa ai yaren nasu ba wani abu ba ne, ni da na sha Fulatanci a nono, na yi Larabci a Islamiyya, na yi boko, in na sa kaina wata guda ya ishe ni. Sai ya cire tabarau, ya goge shi da gefen riga, ya mayar, ya dube ni. Ban san cewa kafin ya zo Katar ya yi shekaru yana koyar da Tamil a firamaren garinsu ba. Ban kuma san tun da ya zo babu wanda ya taɓa zama gabansa ya ce koya mini ba. Na kai kaina mahauta.

Washegari ya zo rumfar gadina da bayan kwali, ya cika shi da rubutu fal. Baƙaƙe ne, ɗari biyu da arba'in da bakwai, duk sun yi kama da zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ya ce, "Tambi, ka fara daga nan." Tambi ƙane ke nan. Daga ranar ban sake jin sunana a bakinsa ba.

Ban damu da yawansu ba kamar yadda na damu da rashin adalcin rabon. "La" kaɗai iri uku ce. "Na" ma uku. "Ra" biyu. Na ce masa mu ma muna da "ra" biyu a Hausa, da harafi ɗaya muke rubuta su, kuma har yau babu wanda ya mutu. Ya ce wannan lalaci ne. To amma ga wani harafi guda ɗaya tilo, in ya zo a farkon kalma "ka" ne, a wani wuri ya koma "ga", a wani wurin kuma ya kusa zama "ha". Na ce, "Ayya, kun yi almubazzaranci da 'la', kun yi rowa da 'ka'. Wa ya yi muku wannan rabon?"

Ya ce, "Tamil ta girmi kakan kakanka. Karanta."

Daga cikin "la" ɗin nan uku akwai wadda ta kusa raba mu. In za a rubuta ta da boko sai a sa "zh", alhali babu "z" a cikinta babu "h". Ana naɗe harshe ne ya koma can baya, kada ya taɓa ganɗa, sai a fitar da wani abu da ba "la" ba ba "ra" ba. Abin haushin, sunan yaren da kansa da ita ya ƙare, wato ko sunan abin da nake koyo ban iya faɗa ba. "Malai" dutse ne, "mazhai" ruwan sama. Duk sanda na yi ƙoƙari sai ya ce, "Ka ce dutse na zuba daga sama." Na ce masa a Doha ba dutse ba ruwa, wa zan cuta?

Ga shi kuma lokacin takunkumi, ba halin ya nuna mini inda harshensa yake. Ya zana mini baki a kwali, ban gane ba. Sai wata rana bayan azahar ya ce in shiga rumfar in rufe taga. Ya tsaya a waje, ya sauke takunkuminsa, ya manna fuska da gilashi, ya wangame baki ya naɗe harshe. Ni ma daga ciki na wangame nawa. Muna cikin haka motar shugaban masu gadi ta tsaya. Mutumin ya fito ya tsaya yana kallonmu, dattijo da ƙaton gardi suna gwada wa juna harshe ta taga. Bai tambayi komai ba. Ya ce, "Khalas, yalla, kowa wurin aikinsa." Da yamma aka aiko nas ta auna mu mu biyun.

Na so in rama. Na ce ya faɗi "ƙasa", ya ce "kasa". Na ce "ɓata", ya ce "pata". Sau uku ya gwada, sannan ya ce waɗannan ba haruffa ba ne, ciwon maƙogwaro ne, kuma shi ba ɗalibi ba ne.

Da azumi ya zo, na gayyace shi buɗa-baki a bayan rumfar, ni da abokin ɗakina, wani ɗan zangon Kumasi da ke tuƙa motar siton. Na haɗa jumlata tun safe. Da aka kira sallah na nuna tiren na ce da Tamil, "Mu ci." Ayya ya ci dabino ɗaya, ya kurɓi ruwa, ya naɗe hannu. Na ɗauka ƙosan da na soya ne bai yi masa ba. Abokin ɗakina ya ce, "Baba, bisimilla mana." Ayya ya ce ba a gayyace shi ba. Ashe "mu" biyu ce a Tamil. "Nam" da kai a ciki, "nangal" ban da kai. Ni "nangal" na faɗa, wato mu za mu ci, kai ka yi kallo. Mutumin da ya yini da ƙishirwa cikin zafin Doha ya zauna yana kallon kunu yana hucewa har sai da na gyara kalma ɗaya. Abokin ɗakina ya ce mini da Hausarsa ta zango, "Wannan ba malami ba ne, jarabawa ne. Ka bar shi."

Ban bar shi ba, domin na riga na cika baki. Bayan 'yan watanni aka mayar da Ayya reshen siton da ke Wakra, ni kuma aka kai ni gadin wani ofis inda babu Batamile ko ɗaya. Karatu ya koma waya. Yakan turo mini murya da safe, in mayar masa a hutun rana, ya dawo mini da gyara wanda ya ninka abin da na faɗa sau biyar. Na koyi cewa aikatau sai a ƙarshen jumla yake zuwa, yana jan tarago bayan tarago, lokaci da mai yi da girmamawa duk a kalma ɗaya, kafin ka kai ƙarshenta ka manta abin da kake son faɗa. Wata guda ya zama shekara biyu da wani abu. Na iya karanta allon shaguna. In na shiga kanti na ji Tamilawa suna hira ban gane ba, sai in kai masa kuka, ya ce, "Kunnenka ne bai nuna ba."

Da gasar ƙwallon duniya ta zo, aka kwashi da yawanmu aka zuba a tashoshin jirgin ƙasa. Ni Mushairib aka ba ni, inda layukan ke haɗuwa, jama'a kamar ranar Arfa. Wata rana da la'asar na ga wata tsohuwa tsaye a jikin ginshiƙi tana kuka, mutane na ture ta suna wucewa. An yi mata Turanci, an yi mata Larabci, ba ta ji. Da na matsa sai na tsinci kalmar "ɗana" a bakinta, da Tamil. Murna ta kama ni, Allah ya yafe mini. Na ce yau ranar da na yi wa wahala ta zo.

Na gyara tsayuwa na ce, "Amma, ningal enge sella wirumbugirirgal?" Wato Mama, ina kike son zuwa?

Ta tsayar da kukan. Ta dube ni daga hula har takalmi. Sai ta ɓarke da magana, da sauri kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ban kama ko kalma biyu ba. Na sake jero wata jumlar, mai tsawo, na ce ta yi wa Allah ta maimaita a hankali. Sai ta rufe baki da gefen mayafi ta fara dariya, hawaye na zuba.

Wata mai shara, Batamila, tana tura kekenta kusa da mu. Ta ji komai. Ta jingina tsintsiya ta ce wa tsohuwar, "Enga poganum, ma?" Kalma uku, kuma tambayar da na yi ce dai. Nan take aka gane cewa ƙofar jirgin Wakra ce ta rufe tsakaninta da ɗanta, lambarsa kuma na rubuce a takarda cikin jakarta. Na kira shi, ya dawo a jirgi na gaba. Kafin ya iso, mai sharar ta tambaye ni da Turanci wa ya koya mini. Na gaya mata. Ta ce, "Babu mai magana haka. Sai mai karanta labarai, ko ɗan siyasa a kan dandamali. Mama tambaya take ko zaɓe za ka tsaya."

Na ce, "To wanda kuke yi fa?"

Ta ce, "Wancan na rubutu ne, wannan na baki. Ba su zama ɗaya ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai, an taɓa yi mini irin wannan. Da Larabcin Islamiyya na sauka Doha, na yi wata uku kafin in gane abin da direban bas ke faɗa. Rami ɗaya, sara biyu.

Ranar hutuna na hau jirgi zuwa Wakra. Na same shi bayan sallar Juma'a a wajen tashar jiragen kamun kifi, yana zaɓen kifi a kwando. Ban bari mun gama gaisawa ba.

"Ayya, shekara biyu! Ka koya mini yaren da babu mai yi!"

"Na koya maka Tamil."

"Tsohuwa ta yi mini dariya a gaban jama'a."

"Ta gane abin da ka ce?"

"Ta gane, amma ni ban gane nata ba."

"To laifin wa? Kai ka faɗa daidai."

Na ce ya rantse shi da matarsa haka suke magana a gida. Ya juya kifi ɗaya, ya duba idonsa, ya ajiye. Ya ce maganar gida daban, kowane jaki zai iya tsintar ta a titi cikin wata uku. Shi abin da ya ba ni ba a tsintarsa a titi. Ya ce 'ya'yan cikinsa ma sun ƙi zama su koya, Turanci suke so. Wannan ya faɗe shi ne a hankali, yana kallon kwandon. Na so fushina ya sauka a nan, amma bai sauka ba, domin nan take ya ƙara da cewa tun da na zo nake kiransa "Aya" da gaggawa, in riƙa ninka "ya" ɗin.

Sauran kwanakin gasar, a wurin mai sharar nan na yi karatu, minti biyar-biyar in jirgi ya tashi. Ta yanke wa kalmomin wutsiya ɗaya bayan ɗaya. Cikin sati uku na fara gane hirar kanti. Abin da zan faɗa don gaskiya shi ne, da ban san doguwar ba da ban gane gajerar da wuri haka ba. Ban taɓa gaya wa Ayya wannan ba, kuma ba ni da niyya.

Bayan an watse gasar kwantiraginsa ya ƙare, ya koma gida. Da ƙaramar sallah na kira shi in yi masa barka. Na manta, na yi masa da Tamil na baki. Nan take ya fara: wa ya lalata ni, a wace tasha, me ya sa na haɗiye rabin aikatau. Yana cikin yi sai na ji an fizge wayar. Muryar mace ce, matarsa. Ta yi magana da sauri, kuma na gane duka. Ta ce in rabu da shi, ita tun ranar da aka kawo ta gidan yake gyara mata magana, ko gishiri ta ce a miƙo mata sai ya ce ba haka ake faɗa ba. Ta tambaye ni ko ina da aure, ko ina samun abinci mai kyau, yaushe zan je ganin mahaifiyata. Muka yi kusan rabin sa'a muna hira. Daga can bayanta ina jiyo shi yana ta gyara mu, mu biyun, babu wanda ya kula shi.