Kujerar Kaka

Motar ta Baba ce kafin ta zama tawa, tsohuwar ƙirar Amurka, doguwa, mai shan fetur ba ji ba gani. Da ya sayi wata ƙarama a farkon shekarun tamanin, sai ya bar mini ita a hosh, wato tsakar gidanmu da ke unguwar Ƙurban a Madina, bisa sharaɗi. Kowace Asabar bayan sallar asuba zan kai Kaka, mahaifiyarsa, masallacin Ƙuba, kuma kujerar baya ba za ta fita daga motar ba.

"Ka yi yadda ka ga dama da injin," in ji shi. "Amma na san halinka. In ka cire kujerar nan, ba za ta koma ba."

Ni kuwa da wata manufa na karɓi makullin. Ranar Juma'a bayan la'asar samari kan taru a wani sabon titi da ba a buɗe ba tukuna, can ta hanyar Badr. Mota biyu za su jera, wani ya ɗaga ƙyalle, wadda ta riga isa wata tsohuwar ganga ita ta ci. Akwai wani ɗan masu shagon zinariya mai jar mota sabuwa fil, ba a taɓa wuce shi ba. Ranar da na fara zuwa kallo ya ƙare wa motata kallo, ya tambaye ni ko mahajjata na zo ɗauka. Aka kwashe da dariya. Tun ranar na sa wa raina sai na wuce shi, ko sau ɗaya ne.

Na kafa rumfar kwano a kusurwar hosh. Da rana ina gyaran injinan ban-ruwa a gonakin dabino na Jurf, da yamma ina ƙarƙashin mota. Ƙarfina bai kai sabon kaya ba, don haka komai daga tashlih nake samowa, inda ake jibge matattun motoci. Kafireton da na fara ɗorawa tari kawai yake yi, na biyu ya riƙa tsiyayar da fetur har shanyar mahaifiyata ta ɗauki wari, na sha faɗa. Kuloci ya ƙone. Katakon da na rataya inji ya karye, saura ƙiris ya sauka a ƙafata. Sifanar da nake nema kullum tana madafa, an tokare taga da ita. Sau da yawa na yi wurgi da guduma na rantse na bari, washegari in koma.

Da injin ya zauna, sai na koma rage nauyi. Na cire rediyo, na cire shimfiɗar ƙasa, na cire har na'urar sanyi, a zafin Madina. Kujerar baya kuwa tana nan daram, ƙatuwa kamar gadon amarya. Kaka kuma ta mai da but ɗin ɗakin ajiya: jarkokin ruwa, darduma, kwalayen dabinon da take rabawa a ƙofar masallaci. In na buɗe but ɗin sai in ji zuciyata na tafasa.

"Maigida," haka take kirana don tsokana, "me motar ɗana ta yi maka kake fige ta kamar kaza?"

"Tsere zan yi, Sitti," na ce, yadda muke kiran kaka da Larabci.

"Tsere? Wa ya biyo ka?"

Na yi ta bayani, rabi Hausa rabi Larabci, sai kallona take yi. Matar da ta taso daga ƙasar Hausa da ƙafa tana amarya, ta ratsa Chadi da Sudan, ta haifi Baba a hanya kafin ta ga Madina, ita nake gaya wa amfanin sauri.

Asabar ɗin da na fara fita ba salansa, ba mu kai bakin layi ba ta buga mini carbi a kafaɗa.

"Kashe! A garin Manzon Allah kake wannan ihu?"

Daga nan aikina ya ƙaru. In cire salansa ranar Alhamis don gwaji, in mayar kafin Asabar, hannuna duk tabon ƙuna. Ban shiga tsere ba ko sau ɗaya, don na ƙudura ba zan jera da jar motar nan ina ɗauke da gado a baya ba. Ana haka aka ce an kusa buɗe titin, Juma'a mai zuwa ce ta ƙarshe. Na roƙi Baba ya bar ni in cire kujerar, ya ce a'a, magana ɗaya yake yi.

Asabar ɗin, da muka fito daga Ƙuba, Kaka ta lura raina a ɓace yake.

"Kai ni in ga wurin nan da ya hana ka cin tuwo."

Babu kowa a titin da safen. Ta gyara zama, ta riƙe carbinta, ta ce bisimilla. Na taka totur har ƙasa. Motar ta kama kwalta ta zabura irin yadda ba ta taɓa yi ba, bayana ya manne da kujera. Kafin in ja numfashi ga ganga. Na taka birki.

"Shi ke nan?" in ji Kaka. "Ina muka iso?"

"Ganga."

Ta yi dariya har da tari. Amma da yamma na ji tana ce wa Baba ya bar yaro ya cire kujerar, na Juma'a ɗaya. Na ce a raina, in haka ta tashi da Kaka da jarkokinta, ai in babu su sai dai a ga ƙurarta.

Na kwashe komai, kujera, kaya, har safaya taya. Ranar Juma'a muka jera, aka ɗaga ƙyalle, na saki kuloci. Tayoyin baya suka hau juyawa wuri ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, bayan motar na kaɗawa hagu da dama. Kafin ta kama ƙasa jar motar ta isa ganga. Na nemi a sake, aka sake, abin da ya faru ya kuma faruwa.

Ɗan masu zinariya bai ma yi dariya ba, wannan ya fi ƙona mini rai. Ya leƙa cikin motata, ya ja ni ya buɗe but ɗinsa. Buhunan siminti ne a kwance a saitin tayoyin baya.

"Ya ahi, ɗan'uwana, bayan motarka babu nauyi. Da me za ta kama kwalta?"

Na tsaya ina kallon buhunan. Wata da watanni ina yaƙi da abin da ke riƙe mini mota.

Na iso gida gab da magariba, na tarar da Kaka zaune a kan kujerar motar a inuwar rumfa, tana cire ƙwallon dabino.

"Maigida, ka tsere musu?"

Na gaya mata komai, har simintin. Ta kalli motar.

"Da ka yi magana ai da na raka ka," in ji ta. Ta miƙo mini hannu. "Ɗaga ni. Gobe Asabar, ka mayar mini da kujerata."