Zanen da Inna Tasallah ta bari a ƙwarya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta na 2007, ana shirin sallar la'asar, babban ɗanki Mutawakkil ya tsaya a ƙofar asibitinmu ya kasa shigowa. Wata uku kina kwance da shanyewar ɓarin jiki, kowa ya san inda aka dosa, amma da na ga fuskarsa sai na san ta faru. Na Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Inna Tasallah 'Yar Baba, wadda ta yi shekara ashirin tana koya wa matan tungayen bakin kogi na ƙasar Bagudo yadda za su kula da 'ya'yansu, ta riga mu gidan gaskiya.

Ni Bilyamin Sodangi, a takarda ni ne shugabanki a wannan ƙaramin asibiti. Ke kuwa ba ki taɓa kirana da wani suna ba sai Bilya, ko a gaban baƙi daga Birnin Kebbi, kuma ban taɓa samun bakin hana ki ba.

Kin tuna takardar bangon da aka aiko mana ta koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa. Ma'aunin ruwan da aka zana a jiki kwalbar giya ce. Da shari'a ta zo, ranar da liman ya shigo gwajin jini ya ɗaga kai ya ga kwalbar nan manne a bango, kafin ya kai gida na ɓamɓare takardar da hannuna. Na ce a koma kwalbar lemo biyu. Kika yi dariya har da riƙe ciki.

Kika ce, "Bilya, wa ka aje kwalba cikin tunga? Mai shago na amshe abu nai. Waɗanda ka shigowa daga Benin kau, kowace da girmanta."

Washegari kika zo da moɗar ƙarfe, kika sa na auna miki ruwan daidai da ma'aunin asibiti. Daga nan kika shiga tungaye, ke da moɗar da wata doguwar ƙusa. Kowace mace ta fito da ƙwaryarta, ki zuba ruwa moɗa ɗaya, ki gasa ƙusa a murhunta, ki ja baƙin zane a cikin ƙwaryar daidai inda ruwan ya tsaya. Ruwa zuwa zane, gishiri ƙaramin cokali a shafe, sukari ƙwaya biyar. Kina faɗa da Hausa, kina maimaitawa da Dandanci, Fulanin ruga ki lallaɓa su da 'yar Fillancinki da suke yi wa dariya. Ranar kasuwa matan ƙetaren iyaka sukan zo da ƙorensu a ka, su zauna a gindin darbejiyar asibiti suna jiran ki, ke kuma ba kya tashi sai kin sallami ta ƙarshe, ko da azumi a bakinki. Yara nawa suka rayu ta wannan hanya, Allah kaɗai Ya sani. Abin da na gani da idona shi ne gadajenmu sun daina cika da damina.

Sau da yawa kin ce a nemo mace a haɗa ta da ke ta koya. Na rubuta takarda sau ɗaya, ba a amsa ba, na bar zancen. Kin ce ni ma in riƙa bin ki. Na ce aikin shugaban asibiti bai kai ga ƙona ƙwarya ba. Wannan magana tana ci mini rai yanzu, kuma babu inda zan kai ta.

Inna, akwai abin da na ɓoye miki, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mako guda kafin rasuwarki, Batulu ta Tungar Ango ta kawo ɗanta Atiku, ɗan wata goma sha ɗaya, yana ta fizge-fizge. Kwana uku yana gudawa, kwana uku tana ba shi haɗin ba dare ba rana. Ta zo da ƙwaryar a hannu, tun kafin in tambaya ta miƙo mini.

"Likita, ban ƙetare zanen Inna ba," in ji ta. "Wallahi ban ƙetare ba."

Na zuba ruwa moɗa ɗaya a ciki. Ko rabi bai shiga ba ya rufe zanen. Ashe ƙwaryar da kika zana mata ta fashe kina kwance. Ta sayi sabuwa, ta je gidan maƙwabciyarta, ta sa tsinken tsintsiya ta auna zurfin zanen, ta dawo ta gasa ƙusa ta ja nata a daidai wannan tsayi. Ƙwaryar maƙwabciyar mai faɗi ce, tata kuwa tsukakka. Ruwan ya yi kaɗan, gishirin yana nan yadda yake, shi ta yi ta ɗura wa yaron da dukan zuciyarta. Mun yi iyakar yinmu. Bai kai azahar ba.

Ban iya yi mata faɗa ba. Me ta yi? Ta riƙe abin da aka koya mata fiye da yadda ni na riƙe. Da na aika a bincika, sai aka tarar rabin ƙoren Tungar Ango na kwaikwayo ne, maƙwabciya daga maƙwabciya, har da na amaren da iyayensu suka zana musu a kayan ɗaki. Abin ya bazu zuwa wajen Lafagu, ya tsallaka iyaka inda ba mu da ikon bi. Zanen ƙusa kuwa duk iri ɗaya ne, ba mai iya bambance naki da na wata da ido.

Ranar Juma'a na zo gaishe ki. Harshenki ya yi nauyi, sai da na sunkuya na ji abin da kike cewa: "Ɗiyan tunga lahiya?" Na ce lafiya lau, Inna. Kika lumshe ido kina murmushi da ɓarin bakin da ya rage miki. Ƙarya na yi miki, kuma ita ce magana ta ƙarshe tsakanina da ke.

Yanzu ga damina ta nutsa, kogi ya cika, gudawa ta fara. Ba mu da ma'aikaciya mace ko ɗaya. Ni namiji ne, iyakata ƙofar gida, Dandancina kuma bai wuce gaisuwa ba. In na bar mata da zanen, za a sake kawo mini wani Atiku. In na hana su, za su zauna hannu rabbana suna kallon yaro yana tsiyayewa, kamar yadda ake yi kafin ki. Na juya abin ta kowace fuska, ban ga mafita ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na gani ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Sambo, da Mutawakkil da Kausar da sauran 'ya'ya da jikoki, da matan tungaye na wannan gaɓa da na ƙetare, waɗanda su ne suka yi babban rashi. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa kowane yaro da ya tashi ta dalilinki ya zama nauyi a mizaninki. Allah Ya sa Atiku ya ceci iyayensa, Ya sanyaya zuciyar Batulu, kada Ya kama ki da sakacin da ba naki ba ne.

Gobe da safe zan shiga kwalekwale zuwa Tungar Ango. Zan tara mazan a ƙofar masallaci, in ce su shiga gida su faɗa wa matansu kada wadda ta ƙara aiki da zanen Inna Tasallah. Ki yafe mini, Inna.