Rijiyar da Ba Ta Cikin Littafi

Jiya 'yata ta zo da wani littafin tarihin Kaduna. Ni ban yi boko ba, sai na ce ta duba mini ko sun sa rijiyar gindin tsamiya ta Badarawa. Ta duba gaba da baya, gwamnoni ne kawai da barikin soja. Na ce ta rufe shi.

Nan Goggo, ƙanwar babana, ta faɗo mini a rai. Ita ba ta kwatance da sunan titi. Wata rana mun hau tasi daga Doka, mayafinta na ƙamshin turaren wuta, ta ce wa direba, "Ɗan nan, ajiye mu a rijiyar tsamiya."

Ya ce, "Iya, ai gidan mai ne a wurin yanzu."

Ta ce, "Kai ka ga gidan mai. Ni ruwanta na sha ina amarya, sanyinsa har cikin haƙori."

Tun da ta rasu, ni kaɗai na san ainihin wurin, kuma yaran gidan nan babu mai tambayata. Ranar da aka binne ni, an cike rijiyar nan karo na biyu.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya shayar da ita ruwan Alkausara.