Ranar da Ban Ɗora Alhaji a Sikeli Ba

Shekara biyu na yi ina auna mutane a Riyad. Duk sanda na faɗi haka a gida sai a yi dariya, a ce ashe awon hatsi ya kai ni Saudiyya. Asalin aikina tuƙi ne. Wani ƙaramin kamfani mai zagayawa da baƙi a helikwafta, jirgin nan mai saukar ungulu, shi ya ɗauke ni in riƙa kwaso mutane daga otal zuwa filin da jirgin yake tashi, can bayan Dir'iyya. A zaga da su saman kwari da tsofaffin gine-ginen ƙasa na minti ashirin, a dawo da su kowa yana duba hotuna a waya. Da aka ga hannuna yana da kyau a rubutu sai aka haɗa mini da sikeli.

Dokar ba ta da wuya. Duk wanda zai shiga jirgi sai ya hau sikeli da jakarsa, in rubuta nauyinsa a takarda, in sa hannu, in miƙa wa matuƙi. Matuƙin namu dattijo ne mai furfura, ba ya son hira, amma ranar da na fara ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce idan rana ta yi zafi iska takan yi sako-sako, jirgi ba ya samun abin da zai dafa ya tashi, don haka kilo goma na safe ba ɗaya ba ne da kilo goma na azahar. Ya ce shi takardata yake yarda da ita, ba idonsa ba. Na ji daɗin maganar ƙwarai, na ga ashe ni ma ina da muhimmanci a wurin.

Wanda ya samo mini aikin ɗan unguwarmu ne, ya girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce masa tun ina ƙarami. Shi ne mushrif, wato mai kula da mu ma'aikatan ƙasa. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Gubaira, faranti ɗaya muke ci, in an yi kabsa, shinkafar nan ta Larabawa, shi yake tura mini cinyar kazar. Ranar da zan baro gida mahaifiyata ta kira shi a waya ta ce ga amana nan. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar, a hannun kamfanin take, kuma da ita nake ciyar da mutum bakwai a gida.

Wata Alhamis cikin tsakiyar zafi, wani babban attajirin garinmu ya biyo ta Riyad bayan ya yi umara, tare da abokansa uku. Yaya ne ya gayyace su, yana so ya nuna musu inda yake da faɗa a ji. Duk huɗun Allah ya hore musu jiki, ga manyan riguna, ga jakunkuna. Na durƙusa na gaishe su, sannan na jawo sikeli. Sai na ji an damƙi hannuna.

"Kai, kana da hankali kuwa?" in ji Yaya, ƙasa-ƙasa. "Alhaji za ka ɗora a sikeli kamar ragon layya? A gaban mutane?"

"Yaya, ai doka ce."

"Dokar ta san wanda ya gina masallacin unguwarmu? Rubuta kilo tamanin-tamanin, khalas, shi ke nan. In wani abu ya taso, a wuyana."

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ni ma kunyar ta kama ni. Na sha ɗora Turawa da Larabawa a sikelin nan ko gezau, amma mutumin da mahaifina yake cire takalmi kafin ya gaishe shi, sai na ga kamar zan tuɓe masa riga a kasuwa. Na rubuta tamanin sau huɗu, na sa hannu. Matuƙin ya dubi takardar, ya dubi manyan rigunan, ya dube ni. Na gyaɗa masa kai.

Jirgin ya ɗaga kamar tsawon bene ɗaya, ya fara gaba, sai ƙararsa ta sauya. Ya yi layi, ya soma nitsewa. Matuƙin ya karkatar da shi ya dire shi a kan tsakuwa da ƙarfi, ƙafar jirgin ɗaya ta lanƙwashe, ƙura ta rufe komai. Ina gudu ina salati. Allah ya tsare, ba wanda ya rasu. Ɗaya daga cikin baƙin ya bugu a baya, aka wuce da shi asibiti. Matuƙin ya sauko ya ninke takardata ya sa a aljihu, kuma wannan ya fi mini mari ciwo.

Washegari muna shan shayi Yaya ya ce in kwantar da hankalina. Masu binciken hukumar jirage za su zo. In ce musu sauri ne ya sa na yi kuskure, kada in ambaci kowa, shi zai yi magana da mudir, shugaban kamfanin, a ba ni gargaɗi kawai. Ya ce in mu biyu muka faɗi, wa zai ɗaga wani? Na ga maganar ta yi ma'ana. Ƙanƙanin tsoron da nake ji na haɗiye shi da shayin.

Masu binciken mutum biyu ne, masu natsuwa, ba su ɗaga mini murya ba. Na faɗi abin da aka koya mini. Sai suka juya ga Yaya suka tambaye shi ko ya ga lokacin awon. Ya ce yana ofis. Da nan ya tsaya, da na ce tsoro ne, kowa yana da iyali. Amma ya gyara zama ya ƙara da Larabcinsa mai kyau cewa ya sha yi mini gargaɗi a kan sakaci da sikeli, har ya yi niyyar kai ƙarata. Ina kallon bakinsa yana motsi, bakin da muka ci abinci tare da safe. Na ce ƙarya ne, shi ya sa ni. Babban masu binciken ya ɗaga takardar awon ya tambaye ni sa hannun wane ne a jiki, da kuma dalilin da ya sa ban faɗi haka tun farko ba. 

Ban ga laifin hukumar ba, aikinsu suka yi, kuma da jirgin ya ƙara nisa kaɗan da gawa biyar ake magana. Laifina na san shi, na ɗauka. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ƙarin da Yaya ya yi ba a tambaye shi ba. Ya ga gemuna ya kama wuta, bai tsaya ga shafa wa nasa ruwa ba, sai da ya hura mini.

Kamfanin ya soke iƙamata, aka buga mini fita ta dindindin. Kwana goma sha biyun da suka rage mun yi su a ɗaki ɗaya, kowa da farantinsa. Ranar tafiyata ya shigo da kwalin dabino mai tsada ya ajiye a kan akwatina.

"Ka kai wa Inna," ya ce. "Ka ce ina gaishe ta. Komai muƙaddari ne, ɗan'uwa."

Na sa kwalin a akwati, don ban iya mayar da hannun kyauta baya ba. A filin jirgi na ɗora akwatin a sikeli, ma'aikaciyar ta ce ya wuce da kilo uku, ko in biya ko in rage. Na buɗe, na ciro dabinon, na miƙa wa wani mai shara da ke wucewa. Na mayar da akwatin, na tsaya ina kallon lambar har ta daina rawa, ta zauna daidai.