Matar Layi na Tara

Narelle, mai nuna wa 'yan kallo kujeru a babban zauren Adelaide, ta kasa ɗauke ido daga matar layi na tara. Ta haura sittin, kanta furfura fat. Hoton mawaƙin tun yana saurayi ne a gaban rigarta, duk ya koɗe. Hannayenta kaushi zalla, wataƙila a gonar inabi ta ƙare ƙuruciyarta.

A kan dandamali tsohon yana kaɗa jita. Ya zo inda waƙar ke hawa sama, sai muryarsa ta karye. Wasu gayu biyu a gabanta suka tuntsire da dariya, suna ɗauka a waya.

Matar ta miƙe.

"Kai, sauke wayar nan! Shekara hamsin yana yi mana waƙa, ku me kuka taɓa tsinanawa? Marasa kunya!"

"Haba Kaka, ki zauna mana," in ji ɗayan.

"Kakarka tana gida!"

Aikin Narelle ne ta zaunar da ita, amma ko motsi ba ta yi ba. Matar ta fuskanci dandamali, ta ɗauki baitin da ya gagari tsohon, da muryar da ta fi tasa dishewa. Mutanen layin duka suka amsa mata.