Autarmu da Masu Jiran Likitan Ido

Tun tana ƙarama Autarmu ba ta iya kawo labari a miƙe ba. In Umma ta aike ta sayen sabulu, sai ta dawo da sabulun haɗe da tarihin mai shagon, da faɗan da ya yi da ƙanensa, da irin kallon da kyanwar shagon ta yi musu. Rabi gaskiya, rabi daga kanta. Umma takan girgiza kai ta ce, "Ke dai wannan bakin naki, Allah ya sa ya ciyar da ke, kada ya jawo mana magana." Ni ce babbar yayarta, ɗaki guda muka tashi. Abin da zan faɗa wani na gani da idona, wani ita ta ba ni, amma sai da na tambayi waɗanda ke wurin, don na san halin mutuniyata.

Baba direban babbar mota ne da ya ajiye tuƙi, mutum mara yawan magana. Gidanmu ba shi da teburin karatu, sai na guga da ke jingine a bakin taga. A kansa Auta ke rubutu da sassafe, kafin ƙanena ya fito da rigarsa a kafaɗa yana cewa, "Malama marubuciya, a ba mu wuri, mu masu aikin gaske za mu fita." Sai ta tattara takardunta ta koma gefen gado, ta ɗora su a cinya ta ci gaba.

Da ta gama karatu ta sami aiki a wani ƙaramin asibitin ido, a teburin karɓar marasa lafiya. Ta rubuta suna, ta miƙa kati, ta amsa waya, ta kira mai layi. In wuri ya yi tsit ta goge tabaran da ke jere a gilashi. Ba aikin da take mafarki ba ne, amma ba ta taɓa makara ba.

A wannan lokacin ne ta tura labarinta na farko ga wata mujalla mai buga rubutun sababbin marubuta. Ta shafe watanni tana gyara shi, ta cusa masa duk wata babbar kalma da ta sani. Amsa ta zo daga editar, wata mata da aka ce ba ta ɓoye-ɓoye. Ta rubuta mata cewa, "Kina da ido, amma ba ki da kunne tukuna. Mutanen labarinki suna magana kamar masu karanta jawabi."

Auta ta karanta mini tana huci. "Yaya, ni ce ba ni da kunne?"

Na ce, "Ai Umma ta daɗe tana faɗa."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya ta fuskanci bango, na ji tana jan hanci. Daga ranar teburin guga ya koma na guga kawai. Ƙanena da kansa ya fara damuwa, yana tambayata a ɓoye ko maganarsa ce ta yi mata zafi.

A asibitin akwai maganin da ake ɗiga wa mutum a ido kafin likita ya duba can ciki. In an ɗiga, sai ka zauna a benci ka rufe ido ka jira. Ba karatu, ba taɓa waya, hasken taga ma damunka yake. Ga talabijin ɗin ɗakin ya daɗe da mutuwa. Wata rana bencin ya cika da tsofaffi, kowa ido rufe, sai wata dattijuwa da ma'aikatan ke kira Goggo ta ɗaga murya.

"Ke 'yar nan ta tebur, an jere mu kamar buhuna an tafi. Ba ki da wata hira?"

Auta ta ce, "Goggo, sai dai wani labari da ƙawata ta rubuta."

"To karanto. Ko ƙarya ce ta fi wannan shirun."

Ta buɗe wayarta ta fara karanta labarin nan da aka ƙi. Ba ta yi nisa ba wani tsohon bakanike da ke ƙarshen benci ya fara minshari. Ta daure ta ci gaba har ta kai wurin da miji ya dawo daga doguwar tafiya, matarsa ta tare shi a ƙofa.

Goggo ta ɗaga hannu. "Tsaya. Me ta ce masa?"

Auta ta maimaita, "Zuciyata ta cika da farin ciki mara misaltuwa da ganin kyakkyawar fuskarka."

Bencin ya fashe da dariya, har bakaniken ya farka yana tambayar ko an kira shi. Goggo ta share hawayen da maganin da dariyar suka haɗu suka kawo, ta ce, "Ki gaya wa ƙawar taki ba ta taɓa jiran kowa ba. Ni da nawa ya dawo bayan na fid da rai, kallonsa na yi na ce, 'Ka rame.' Na karɓi jakarsa na shige ciki. A can na yi kukana."

Auta ta ce mini a lokacin ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma a motar komawa gida kalmomin nan biyu suka hana ta sakat. Washegari na farka na tarar da ita a teburin guga, tana soke layi bayan layi tana magana ita kaɗai.

Daga nan abin ya zama jiki. Duk ranar da bencin ya cika kuma teburinta ya yi sauƙi, sai ta karanta musu shafi ɗaya ko biyu. Waɗannan masu sauraro ba su san kara ba. In wuri ya yi sanyi, sai ka ji an fara hirar tsadar magani. In ya yi daɗi, ɗakin ya yi tsit har ana jin fanka. Tun da idanunsu a rufe suke, ba mai ganin fuskarta balle ya tausaya mata. Ta koyi gane inda mutum ke gyara zama don ya gaji, da inda yake miƙo wuya don yana son ji. Ta kuma koyi yin shiru ta saurari yadda suke gardama a tsakaninsu, yadda tsoho ke zagaye magana kafin ya ce yana jin tsoron aikin da za a yi masa. Da Goggo ta dawo ganin likita karo na gaba, ta zauna ta ce, "Ina labarin ƙawarki mai murya irin taki?" Auta ta sunkuyar da kai tana dariya. Goggo ta ce, "Tun ranar farko muka gane. Wa ke rawar murya a kan labarin wani?"

Ranar da ta fi tsorata ita ce ranar da likitan ya fito da kansa. Ya kira mai layi har sau biyu ba wanda ya shigo. Ya leƙo ya tarar da ma'aikaciyarsa tsaye da waya a hannu, bakaniken nan kuma, wanda shi ne mai layin, ya kafe a benci.

"Malam, kai nake jira."

"Likita, ka yi haƙuri, saura kaɗan. Yanzu za a gane wanda ya sace akuyar."

Auta ta ce a nan take ta gama sallama da aikin a ranta. Likitan ya dube ta, ya dubi bencin, ya harɗe hannu ya jingina da ƙofa ya ce, "To ƙarasa mana." Da aka tashi aiki ya kira ta ofis. Ya ce tun da ya buɗe asibitin bai taɓa ganin lokacin da mutane suka daina faɗa a kan layi irin wannan ba. Ya yarda ta ci gaba, amma da sharaɗi: in waya ta yi ƙara ko wani ya shigo, labari ya tsaya. "Kuma," in ji shi, "in na kira mutum, ki yanke a inda zai iya haƙura."

A wannan ɗakin ta samo labarin da ya buɗe mata hanya. Labarin wani magidanci ne da ganinsa ke raguwa yana ɓoye wa matarsa, ita kuwa ta riga ta gane, kullum tana kawar da kujeru daga hanyarsa ba tare da ta ce uffan ba, kowannensu yana zaton shi ke rufa wa ɗayan asiri. Ta rubuta, ta karanta a benci, ta gyara, ta sake karantawa ga wasu sababbin fuskoki. Sannan ta tura wa matar nan da ta ce ba ta da kunne. Na ce mata, "Duk mujallun duniya sai ita?" Ta ce, "Ita nake so ta ji."

Amsa ba a rubuce ta zo ba, waya editar ta bugo, Auta na tsakiyar rubuta katin wani. Ta ce za su buga, amma sai an cire shafin ƙarshe gaba ɗaya, inda mijin da matar suka zauna suka bayyana wa juna komai. Auta ta dawo gida tana cewa an yanke wa labarinta kai. Kwana biyu tana kumbure-kumbure, sannan ta kai ƙara benci. Ta karanta ba ta gaya musu komai ba. Tana kaiwa wurin da mijin ya miƙa hannu ya laluba inda kujerar take a da, bai same ta ba, ya yi murmushi ya ce wa matar ta zuba masa ruwa, sai wata mata ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Allah sarki." Mutane suka fara neman takalmansu. Ba wanda ya san akwai sauran shafi. Auta ta kira editar ta ce a cire. Amma da editar ta so canza wata magana da mijin ya yi, wai ta yi kaushi, Auta ta tsaya kai da fata. Ta ce, "Ranki ya daɗe, haka maza ke magana in kunya ta kama su. Na ji da kunnena." Editar ta yi dariya ta bar mata.

Ranar da mujallar ta fito, ƙanena ne ya fara shigowa da ita yana ɗaga ta sama kamar kofin ƙwallo. Umma ta sa aka karanta mata sau biyu. Baba ya karɓa ya daɗe yana kallon sunan, sannan ya naɗe ta ya sa a aljihun riga ya fita wajen abokansa. Bai dawo da ita ba sai da gefenta ya yi baƙi saboda hannuwa.

Bayan 'yan watanni mujallar ta shirya taron karatu a wani zaure, aka gayyaci sababbin marubuta. Auta ta kasa cin abinci tun safe. Waɗanda suka riga ta hawa sun karanta da kai a sunkuye, ana ta duba waya a bayan zaure. Da aka kira ta, ta hau tana tuntuɓe da gefen doguwar rigarta. Layin farko ta karanto shi a guje. A na biyu ta daidaita, ta shiga yi wa kowane mutum na labarin muryarsa, ta san inda za ta ja numfashi ta bar mutane su yi dariya, da inda za ta rage murya har sai an miƙo wuya. Na waiga na ga wayoyi sun koma aljihu. Da ta rufe takardar, sai zauren ya ɗauki tafi. Umma ta riƙe hannuna tana ta cewa, "Autata ce, autata ce," ga wata mata da ba ta tambaye ta ba.

A bakin ƙofa wani mai kamfanin buga littattafai ya tare ta ya ce, "Kina da irinsa nawa?" Ta ce tana da su da dama, kuma duk an gwada su. Bai gane abin da take nufi ba, ya dai ba ta katinsa. Shekara ba ta zagayo ba aka tattara labaran a littafi guda. Editar kuma ta ɗauke ta aikin rabin yini, tana taya ta karanta abin da ake turowa. Da safe tana asibiti, da rana tana ofishin mujalla, tana dawowa gida a gajiye da murmushi har kunne.

Kwanakin baya na shiga motar haya zan je aiki, na zauna kusa da wata mata da ban taɓa gani ba. Kanta a sunkuye, jakarta na neman zamewa daga cinyarta ba ta kula ba. Na leƙa, sai ga littafin Autarmu, bangonsa har ya fara lanƙwashewa. Na yi ƙoƙarin kama bakina, na kasa.

Na taɓa ta na ce, "Baiwar Allah, wadda ta rubuta wannan ƙanwata ce. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. "Da gaske?"

"Wallahi."

"To madalla, ki gaishe ta," in ji ta, ta mayar da kanta kan shafin. "Amma don Allah ki ɗan yi shiru, na kusa sauka kuma ban gama ba."